Kafin Ka Sa Hannu a Cinikin LNG Lokacin da Kasuwa ta Faɗi

A watan Afrilun 2020, lokacin da korona ta rufe masana'antu daga Caina har Turai, farashin LNG, wato iskar gas da aka mayar ruwa, a kasuwar Asiya ya faɗo ƙasa da dala 2 kan MMBtu guda, wato ma'aunin da ake cinikin gas da shi. Masu kaya suna neman mai saye ido rufe. Ba a yi shekara ba, a Janairun 2021 sanyi ya matsa, wannan ma'auni ya haura dala 30. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 kuwa, sai da ya zarce dala 50. Wanda araha ta ruɗe shi a 2020 shi ne ya fi kowa kuka daga baya.

Ni ba jirgin ruwa nake saye ba. Aikina sayo wa wata masana'antar roba a Sharaɗa makamashi, kuma gas ɗinmu a tanka yake zuwa daga kudu. Amma cinikin iri ɗaya ne, ko kai ma'aikatar makamashi ce ta wata ƙasa, ko mai injin buhu a Kano. LNG dai iskar gas ce da ake sanyayawa har digiri 162 ƙasa da sifili ta koma ruwa, girmanta ya ragu kusan sau 600. Hanyoyin sayenta uku ne.

Ni wadda na yarda da ita ita ce yarjejeniyar dogon zango wadda aka ɗaura farashinta da na ɗanyen mai, irin wadda Katar ta shahara da ita. Ana yanka wani kaso na farashin gangar Brent, ɗanyen man da ake auna farashin kasuwar duniya da shi, a ce shi ne kuɗin MMBtu guda. Dubi Fakistan. A 2016 ta ƙulla da Katar kan kashi 13.37 cikin ɗari na tsawon shekara 15. A Fabrairun 2021, bayan tashin farashin Janairu ya lafa, ta koma ta samu kashi 10.2 na shekara 10. Ɗauki alƙalami ka lissafa: in ganga tana dala 100, gas ɗin ya kama dala 10 da 'yan kai. Wato a 2022, ana sayar da shi sau uku ko huɗu na wannan kuɗi a kasuwar tsaye ta sayen nan-take, kayan wannan yarjejeniya suna sauka a farashin da mutum zai iya numfashi. Faɗuwar kasuwa amfaninta ke nan: ranar ce mai kaya yake sauraronka, ranar ce kake matse kason. Ba ranar da za ka yi ta murna da arahar wata guda ba.

Wani abin da nake so da ita, farashin ba ya tsalle dare ɗaya. Yawanci matsakaicin farashin mai na watanni ukun baya ake ɗauka, don haka kana hango abin da ke tafe, ka gyara kasafinka. Tana da ƙaya, ba na musu. Akwai sharaɗin ko ka ɗauki kaya ko ka biya, kuma a 2020 ya ciji mutane da yawa. Kamfanin CNOOC na Caina ya ce annoba ta fi ƙarfinsa a Fabrairun shekarar, wasu masu sayar masa suka ƙi karɓar uzurin. Sannan kusan duk gas ɗin Katar daga tashar Ras Laffan sai ya ratsa mashigin Hormuz, ƙofa ɗaya tal. Duk da haka kamfanin Sinopec na Caina ya sa hannu da Katar a Nuwamban 2022 na shekara 27, tan miliyan 4 duk shekara. 'Yan Caina ba sa wasa da lissafi.

Ta biyu ita ce ta Amurka: farashin gas na Henry Hub, wato farashin cikin gida na Amurka, da ƙarin kashi 15 cikin ɗari, sai kuɗin sarrafawa na dala 2 zuwa 3 wanda dole ne ko ka ɗauka ko ka bari. A tsakiyar 2020 masu saye sun soke lodin jiragen ruwa sama da ɗari, kuma suka biya kuɗin sarrafa kayan da ba su gani ba. Ta dace da manyan 'yan kasuwa masu jiragensu, masu iya karkatar da kaya duk inda suka so. Mu ba su ba ne.

Ta uku, sayen nan-take a kasuwar tsaye, caca ce kawai. A Yulin 2022 Fakistan ta nemi lodin jirgi goma, ko mutum ɗaya bai taya ba. Bangaladash ma haƙura ta yi da saye, ta koma rabon wuta.

To amma takardar dogon zango ma ba laya ba ce, kuma nan ne nake so ka buɗe ido. Karanta abin da zai faru in mai kaya ya ƙi kawowa. Wasu 'yan kasuwar da suka yi wa Fakistan alkawari tarar da ke kansu ba ta wuce kashi 30 na kuɗin kayan ba. Da farashi ya yi sama, biyan tarar da kai kayan Turai ya fi musu riba nesa ba kusa ba. Saboda haka ka sayi kaya wurin mai masana'antar sarrafa gas da kansa, ba wurin wanda shi ma sayowa yake ba. Ko mai masana'antar ma akan samu tangarɗa: a Oktoban 2022 ambaliya ta sa kamfanin NLNG mai sarrafa gas a Bonny ya sanar da cewa lamarin ya fi ƙarfinsa. Ka tambaya tun farko, in haka ta faru wa za a fara yanke wa.

Ni inda aka ƙone ni, wani dillali ne. Ya zo ofis da babbar riga da turare, da takardu masu tambari da hatimi, wai yana da “kaso” da aka ware masa, zai ba mu ƙasa da farashin kowa tunda kasuwa ta mutu. Muka ba da kafin alƙalami, sai kuɗin “tantance takarda”, sai kuɗin “fito da mota”. Tanka ɗaya ta zo, don a kwantar mana da hankali. Ta biyu har yau tana hanya. Ita ma ta farkon, da muka ɗora ta a sikeli, ta gaza abin da aka rubuta. Direba ya ce, “Ranka ya daɗe, ai zafi ne ya ci, kwana huɗu muna kan hanya.” Gaskiya ne LNG yana tururi in ya daɗe a tanki, amma takardarmu ba ta faɗi wa zai ɗauki wannan asara ba, sai ta faɗo kanmu.

Tun daga nan ba na sauraron duk mai cewa yana da kaso ko yana da ƙafa a sama. Masu sarrafa LNG ba sa raba kaya ta WhatsApp. In aka ce ka tura kuɗi asusun mutum maimakon na kamfani, tashi ka ba shi wuri. In mai tallan yana cakuɗa LNG da gas ɗin girki na tukunya, ko da CNG na mota, bai san abin da yake sayarwa ba. Abubuwa uku ne daban, kowanne da tankinsa. Ka dage a auna kaya a ƙofarka, ba a wurin lodi ba, kuma da sikelin da ku biyu kuka yarda da shi. Ka duba wace kuɗi aka rubuta, domin in dala ce kai kuma naira kake samu, ranar da naira ta zame arahar ta tafi. Ka kuma san na wane ne tankin ajiya da na'urar mayar da shi iska da za a kafa a harabarka, don in nasu ne, ranar da kuka saɓa, da crane za su zo su ɗauke.

Abu na ƙarshe ga 'yan'uwana na Bompai da Challawa: bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka fara a 2020 zai iya canja lissafin gaba ɗaya. Ka sa a rubuta maka ƙofar fita daga yarjejeniyar ranar da gas ɗin bututu ya iso unguwarku. Mu da muka sabunta tamu, a kan wannan sakin layi kaɗai sai da muka yi zama uku.