Aikin wani kafinta a ɗakin tantabaruna: gurbin ƙwai da matakan kwana

Masu kiwon tantabaru a Kano sun daɗe suna dogaro da tsofaffin tukwane da gwangwanaye da ake ratayewa a jikin katanga, kuma tsuntsayen ba su ƙi su ba, amma idan garke ya fara yawa sai faɗa da fasa ƙwai su biyo baya. Dalilin da ya sa na ba wani kafinta da ke kusa da kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa aikin gyara ɗakin nawa ke nan, domin shi ma yana kiwonsu a gidansa, kuma hakan ya bayyana a aikin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya tsara gurbin ƙwai. Kowane aure ya samu akwati mai faɗin ƙafa 2, zurfinsa da tsayinsa kuma inci 14, aka raba shi gida biyu da guntun katako. Wanda bai san tantabara ba zai ɗauka ɓarnar katako ce, alhali kuwa macen tana yin ƙwai biyu, ita da namijin su yi ta karɓa-karɓa wajen kwanci har kimanin kwana 18, sannan tun 'yan shilar ba su wuce mako biyu ko uku ba sai ta sake yin wasu ƙwan. Idan gurbi ɗaya ne, manyan 'ya'yan su ne za su tattake sababbin ƙwai, su kuma shafe su da kashi. A bakin kowane gurbi ya kafa katako mai tsayin inci 3 don kada ɗan shila ya mirgino ƙasa, ya kuma bar wurin da kaskon ƙasa zai zauna daram. Na zuba ciyawa kaɗan a kaskon, sauran kuwa su suka kwaso da bakinsu.

Matakan kwana ma ya yi su da basira. Maimakon doguwar sanda guda, wadda namiji ɗaya mai ƙarfi kan mallake ya kori kowa, sai ya haɗa katako biyu-biyu kamar jinkar ɗaki, kowane mataki na tsuntsu ɗaya, ta yadda kashin na sama yake gangarawa gefe ba tare da ya ɓata gashin na ƙasa ba. Ya kuma yi su fiye da adadin tsuntsayen, ya jera su nesa da gurbin ƙwai, saboda kowace tantabara tana neman na can ƙololuwa.

Sai dai akwai abu biyu da ban ji daɗinsu ba. Na farko, ya buga ƙasan akwatunan da ƙusa ƙam, maimakon ya yi falle da za a iya zarowa a kankare, don haka shara ta zama wahala, ga shi kashin tantabara taki ne da masu lambu ke nema. Na biyu, ya shafa baƙin mai a ƙafafun katakon don maganin gara, kamar yadda kafintoci suka saba yi wa katakon rufi, amma a ɗakin da ba shi da wadatar iska warin ya daɗe bai gushe ba, har sai da na jinkirta mayar da tsuntsayen.

Kuɗin aikinsa ya ɗan fi na sauran kafintocin da na taya, bai kuma cika alkawari a ranar da ya yanka ba. Duk da haka zan sake ba shi aiki, da sharaɗin a yi yarjejeniya tun farko a kan falle mai zaruwa, a kuma ɗora ƙafafun a kan bulo maimakon shafa mai.