Babur mai taya huɗu a ƙasar Sakkwato: ra'ayina kan Honda TRX400EX da kayan da na ɗaura mai

Tun da na fara fita da wanga babur ɗin mutane ke tare ni suna tambaya, wasu a gidan mai wasu ta WhatsApp, wai yana da kyau? yana jure ƙasarmu? in ya lalace wa ke gyara? To bari in faɗi abin da na gani da idona, don mai sha'awa ya san inda zai sa kuɗinshi.

Nawa Honda TRX400EX ne na 2007, na hannu na saye shi. Injin 397cc ne, iska ke sanyaya shi babu lagireto babu ruwa, giya biyar da kuloci na hannu kamar babur, kafireta ce ke ba shi mai, kuma cen ke jan tayoyin baya. Honda sun fara yin shi a 1999, amma sai daga 2005 sunka sa mai ribas, saboda haka in za ka saya ka duba shekara, don ranar da ka shiga lungun kwazazzabo babu wurin juyawa za ka san amfanin ribas, abu ne mai nauyin kilo 170 ko kusa da haka, ba a ɗaga shi a juya kamar Bajaj. Abin da ya sa na zaɓe shi na bar su Raptor 700 na kamfanin Yamaha duk da sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ne sauƙin inji. Raptor 700 injekta ce da shi da na'ura da lagireto, in wani abu ya rikice sai an nemo mai kwamfuta. Wanga kuwa duk bakaniken da ya iya babban babur in ya buɗe zai gane abin da yake gani.

Maganar gaskiya injin bai taɓa ba ni kunya ba. Yana da jan ƙasa mai kyau, a giya biyu ko uku zai hau tudu cikin rairayi ba tare da ka yi ta wasa da kuloci ba. Amma ƙasarmu ba ta wasa da inji, kuma abu uku ke cin shi a nan, ƙura da ƙaya da zafi, kuma ƙura ce babba.

Lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu kowa ya san yadda garin nan ke zama, ko a ɗaki ka aje waya sai ta yi fari, balle injin da ke zuƙar iska yana bin bayan wani a burtali. Ranar da munka buɗe akwatin filta da bakanikena karon farko, soson da ke ciki ya bushe ƙamas, gefe guda ya tsage, da ya sa yatsa cikin robar da ke bi zuwa kafireta sai ga jar ƙasa laushi luƙui a yatsanshi. Ya nuna min ya ce, "Alhaji wagga ita ke cinye ringin fistin, ba gudu ba." Wanda ya sayar min bai kula da wurin ba ko kaɗan. Allah ya sa injin bai fara hayaƙi ba. Na sayo filtar soso guda biyu da man filta na musamman, mai danƙo ɗin nan, ɗaya na ciki ɗaya na wanke a aje cikin leda. Yadda nike yi, in wanke da ruwan sabulu, in bar shi ya bushe a inuwa sarai, in zuba man in matse shi a hankali cikin leda har ya game ko'ina, ba a murɗe shi don yagewa yake, sannan in shafa giris a bakin da ke zama jikin akwati don kar ƙura ta bi ta gefe. Na ƙara mai wata 'yar riga ta sama da ke tare rairayi kafin ya kai ga soson. Cikin duk kayan da na saya wannan ne mafi arha kuma shi na fi yabawa. A hunturu duk fita in na dawo sai na duba shi. Kuma don Allah kar wani ya ba ka shawarar cire murfin akwatin filta wai a ƙara ƙarfi, masu yin haka a intanet ba cikin ƙurar Sakkwato suke hawa ba.

Sai ƙaya. Tayoyin da ya zo da su, 22x7-10 a gaba da 20x10-9 a baya, sun riga sun sha jiki, kuma fatarsu ba ta da kauri. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya suna nan zube ƙarƙashin rairayi musamman inda makiyaya sunka sassaro ma dabbobi reshe, ba ka ganin su sai dai ka ji babur ya fara ja gefe guda. Na sa tayoyi masu kaurin fata ninki shida, na zuba ruwan nan mai toshe huji a kowace, tun daga nan matsalar ta ragu ƙwarai, sau da yawa sai ina wanki zan ga ƙaya a soke cikin taya da ɗan jiƙa a gefenta, iska kuwa bai fita ba. Illarsu dai sun fi nauyi, za ka ji tashin babur ya ɗan ragu kuma sun fi tauri kan fako. Na yarda da wannan cinikin. Duk da haka ina yawo da allurar faci da igiyoyinta da ƙaramin famfo, don huji a gefen taya ruwan bai iya mai komai.

Wani abu da ya kamata kowa ya sani, iskar tayar nan kaɗan ce, wajen psi 4 take so. Mai faci na bakin titi ya saba da mota da babur, gejinshi ma bai karanta ƙasa da goma da kyau, in ka bar shi zai ɗura mata har ta yi tauri, babur ya rinƙa tsalle yana zamewa, kuma in ɗaya ta fi ɗaya iska zai rinƙa janka gefe tunda ƙarfe guda ne ke juya tayoyin baya biyu tare. Ƙaramin geji na ƙarancin iska na saya, yana cikin aljihuna kullum.

Ƙarƙashin babur kuma nan ne mutane ke mantawa. Farantin cen da farantin birki na baya suna rataye ne ƙasa ƙasa, tsakaninsu da ƙasa bai fi faɗin tafin hannu ba, ga ƙasarmu da marmara da duwatsun nan jajaye da ke leƙowa cikin hanya in ka bi tudun wajen Wamakko ko bayan Dundaye. Na sa mai sulke na alminiyam a ƙarƙashin wurin, na oda ne, na ƙarƙashin inji kuma wani mai walda a nan gari ya yanka min. Na odar ya zauna daram, yanzu duk ya sha karce da lotsawa, kowane lotso da na gani na san da farantin birki ne zai ɗauke shi. Na mai waldar ya yi aiki shi ma amma ƙarfe ne mai nauyi kuma da farko bai bar ramin zubar da baƙin mai ba, sai da munka koma ya huda. Na kuma sa matakan gefe masu raga, waɗanda ke hana ƙafa zamewa ta faɗa gaban tayar baya, wannan kam ban ga dalilin da zai sa mutum ya hau babu su ba.

Cen na canja gaba ɗaya da farantansa biyu, lamba 520 mai 'yan robobi a tsakanin gaɓoɓi da ke riƙe maiƙo a ciki. Kar a labta mai baƙin mai kamar yadda 'yan kabu-kabu ke yi, rairayi ke mannewa ya koma yana goge haƙora kamar dutsen wasa wuƙa. Goge shi nike da tsumma in fesa ɗan mai kaɗan, shi ke nan.

Zafi shi ne inda nike lallaɓa shi. Daga Maris zuwa Mayu garin nan na wuce digiri 40, injin kuma sai yana tafiya yake shan iska, saboda haka in ka tsaya cikin rairayi mai zurfi kana ta murza shi a giya ɗaya za ka ji zafin na dukan ƙafarka. Lokacin bazara da sassafe bayan asuba nike fita ko bayan la'asar, in mun tsaya hira in kashe shi. Baƙin mai na babur nike sa mai, 10W-40 mai alamar JASO MA a jikin galan, don kulocin cikin man yake wanka, man mota na iya sa shi santsi. Tankin baƙin man daban yake a gaba, shi ya sa ba a auna shi da sanyi, sai ka tada shi ya yi 'yan mintoci sannan ka duba, wanda bai sani ba sai ya ga kamar babu mai ya cika ya wuce ƙa'ida. Fetur kuma a gidan mai nike sha, tankin kusan lita 10 ne, in tafiyar da nisa in ɗaure jarka, don man 'yan bumburutu na ƙauye wani lokaci da ƙasa a ciki, kafireta kuwa ba ta yafe wannan. Ƙaramar filtar mai ta babur na sa a tiyon, ta roba mai gani har ciki.

Salansa kam na bar ta yadda take, kuma ina da ra'ayi mai ƙarfi a kai. Samari da yawa ita suke fara tambaya. Salansa mai ƙara sai an sake saita kafireta, in ba haka ba mai ya yi kaɗan inji ya ƙara zafi, a garin da zafi ya riga ya ishe shi. Ban da haka, hanyoyin da muke bi na mutane ne, akwai raƙuma da jakai ɗauke da kaya, akwai shanu, akwai yara masu kiwo. Wajen fadamar Kwalkwalawa in na hango raƙumi nesa nike tsayawa in kashe har ya wuce, wani dattijo ya taɓa ɗaga min hannu ya ce Allah shi yi albarka ɗana, na ce amin Baba. Gonar albasa ko shinkafa kuwa ko gefenta ban takawa, guminsu ne. Kuma da halin tsaron da ake ciki ban yin nisa, ban fita ni kaɗai, ban kai magariba a daji.

Abin da zai ba ka wahala shi ne kaya. Fulogi da boris da batir da baƙin mai ana samu a gari, amma takalmin birki da tayoyi da filta da robobin hannuwan gaba sai dai oda, ka jira makonni, ga dala ta hau. Ni yanzu kafin abu ya ƙare nike sayen na gaba in aje. Kan kwalta ma bai da daɗi, ba don ita anka yi shi ba, a kwana yana son ɗaga ƙafa, ga shi tayoyi na cinyewa da sauri, shi ya sa a bayan a-kori-kura nike kai shi bakin daji. Mazaunin mutum guda ne, ban goya kowa, ban ba yaro, kuma hular kwano da gilashin ƙura da takalmi mai rufe idon sawu dole ne.

In don aikin gona kake so, ɗaukar buhu ko jan kaya cikin laka da damina, wanga ba naka ba ne, nemi irin waɗanda inji ke jan duka tayoyinsu huɗu masu wurin ɗaura kaya gaba da baya. In kuwa hawa kake so cikin rairayi da burji, kuma kana iya zama ka wanke filta da hannunka, ina ba ka shawarar shi ba tare da shakka ba. Ka tafi da bakanike ranar saye, ku buɗe akwatin filta ku shafa cikin robar, ku ɗaga gaba ku girgiza tayoyi a ji ko boris da robobi sun saki, ku tada shi da sanyi a ga ko yana hayaƙi. Abin da ya rage min yanzu shokozoba na gaba ne, sun fara laushi in na faɗa rami, bakanikena ya ce a fara gwada gyara su kafin a yi maganar oda.