Sharhi kan na'urar auna gishirin ruwan kifi

Rifraktomita ƙaramar na'ura ce, tsawonta bai wuce taki ɗaya ba, da wurin ɗora ido a gefe guda da gilashi mai murfi a ɗaya gefen. Da ita nake auna gishirin tankin gilashin da nake kiwon kifin teku a gidana da ke Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Ban same ta a shagunan garin nan ba, daga Legas aka aiko mini, tare da buhun gishirin haɗa ruwan.

Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma haka kifin yake son ruwansa ya zauna. Sikeli biyu ne a cikin na'urar: a ɗaya wannan shi ne 35, a ɗayan kuma, mai auna nauyin ruwan, wajen 1.026. Aiki da ita ba wuya. Ka ɗaga murfin, ka ɗiga ɗigo biyu ko uku na ruwan tankin, ka rufe, ka dakata kamar rabin minti, sannan ka fuskanci haske ka leƙa. Za ka ga sama shuɗi, ƙasa fari, inda suka haɗu nan ne adadin. Ba batir, ba caji, don haka ɗauke wuta bai shafe ta ba.

Abin da ya sa na ce wajibi ce ga ɗan Katsina shi ne yadda ruwa ke ƙafewa a nan. Da hunturu iska a bushe take ƙayau, tana zuƙe ruwan dare da rana. Da bazara kuwa, a Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, alhali waɗannan kifaye suna son ruwa tsakanin 24 da 27. Dole ka kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, kuma sanyin da take kawowa ta hanyar ƙafar da ruwan ne. To ruwan ne kaɗai ke tashi, gishirin yana nan, kamar miyar da aka bari a kan wuta. Tanki mai lita 100 yana da kilo uku da rabi na gishiri. In lita biyar ta tafi, awon ya tashi daga 35 zuwa kusan 37, kuma ido ba zai nuna maka ba. Shi ya sa cikon da ake yi kullum da ruwan da ba gishiri ake yinsa, tatacce ta injin RO, wato injin da ke tace gishiri da ma'adinai daga ruwa. Ruwan burtsatse ban yarda da shi ba, saboda ma'adinan da ke ciki su ma ba sa ƙafewa, taruwa suke yi. Ruwan gishiri sai ranar canji, lokacin da ka kwashe kamar kashi goma cikin ɗari ka mayar da sabon haɗi, shi ma bayan ka auna shi ya yi daidai da na tankin.

Kafin ita, ina amfani da ma'aunin roba mai allura da ke lilo a cikin ruwa. Ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ƙananan kumfa kan maƙale a jikin allurar su ɗaga ta, sai ka auna ruwa ɗaya sau biyu ka samu amsa biyu.

Ita ma tana da nata aibin. Takardar da ke cikin kwalin ta ce a saita ta da tataccen ruwa a kan sifili. Yawancin masu arahar nan an ƙera su ne don ruwan gishirin girki zalla, shi kuwa ruwan teku akwai magniziyam da kalsiyam da sauransu a ciki, saboda haka saitin sifili kan bar ɗan kuskure a daidai wurin da kake buƙata. Gara ka sayi 'yar kwalbar ruwan saiti mai 35, ka juya ɗan sukurun har layin ya hau kan 35 ɗin. Mai sayarwar bai haɗa mini da kwalbar ba, sai da na sake aikawa, kuma wannan bai yi mini daɗi ba. Lambobin ciki ƙanana ne ƙwarai, mai matsalar ido zai sha fama. Sannan ƙurar hunturu tana karce gilashin in ka goge shi a bushe, sai ka ɗauraye da ruwa mai kyau tukuna ka bi da ƙyalle mai laushi.

Gishiri kaɗai take aunawa. Amoniya da naitirait, gubar da ke taruwa daga kashin kifi tana kashe kifi a sabon tanki, suna da nasu kayan gwaji daban, haka kuma ba za ta nuna maka cutar fararen ɗigo ba, wadda rigakafinta shi ne keɓe sabon kifi a wani tankin na wasu makonni. Wanda zai yi oda, ya duba wadda aka rubuta ATC a jikinta, ita ce ke gyara awon daidai da zafin wurin, kuma ya sa a haɗo masa da ruwan saitin a aike ɗaya.