Gandon ko Decaris: Wa Ya Fi Gwanintar Kan Sarki?

Mai tara kan sarkin wasiƙa na ƙasar Faransa da wuya ya tsallake sunaye biyu: Pierre Gandon (1899-1990) da Albert Decaris (1901-1988). Dukansu da hannu suke sassaƙa zane a jikin ƙarfe, layi bayan layi, sannan a buga.

Decaris mutumin motsi ne. Ya zana jirgin ruwan Normandie a 1935, ga kuma kan sarkinsa na 1962 mai hoton zakara mai tsaye da ƙafa. Har lambar zinariya ya ci a gasar zane ta wasannin Olamfik na Landan a 1948.

Gandon kuwa fuska ce sana'arsa. Marianne ɗinsa ta 1945, wato hoton macen da ke alamta Jamhuriyar Faransa, ta fito daidai ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kanta a ɗage, ba alamar karaya. Ya sake fitar da wasu fuskokin mata biyu, Sabine a 1977, sai Liberté a 1982, ya haura shekara 80 hannunsa bai gaza ba. Sa gilashin ƙara girma a kuncin Sabine, za ka ga inuwar duk siraran layuka ne.

Ni dai Gandon na zaɓa, domin fuska ta fi jirgi wuyar fitarwa a ɗan wurin da bai wuce babban yatsa ba.