Wace macen alade za ka saya don haihuwa?

Mai kiwon alade da ya yi kuskure wajen zaɓen uwa, shekaru zai yi yana ɗanɗana kuɗarsa, domin daga cikinta garken nan gaba zai fito. Ko dai ka sayi budurwa wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ko ka sayi mai ciki, ko ka ware daga cikin 'ya'yan gida.

Ni dai budurwa na fi so, musamman wadda aka samu daga haɗa nau'in aladu biyu, Large White da Landrace. Wannan haɗi yana ba da uwa mai yawan 'ya'ya, mai ruwan nono. Nau'in Duroc kuwa namijinsa aka fi nema, saboda nama da saurin girma. Wahalar budurwa ita ce jira. Za ka yi ta ciyar da ita har ta kai wata 7 zuwa 8, nauyinta ya kusa kilo 130 zuwa 140. Kada ka kai ta barbara ranar da ta fara neman namiji. Bari sai karo na biyu ko na uku, tsakaninsu kwana 21 ne kawai. Daga barbara zuwa haihuwa kwana 114.

Kafin ka biya kuɗi, durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta. Ƙirga kan nono: aƙalla 12, in 14 ne ya fi, a jere daidai hagu da dama, babu wanda ya lotsa ciki. Sa a tashe ta ta yi tafiya a gabanka. Wadda ke ɗingishi ko kofatonta ya tsage ba za ta iya ɗaukar nauyin namiji ba, balle na ciki. Sannan ka tambayi labarin uwarta a rubuce: 'ya'ya nawa take haifa, nawa suke kaiwa yaye. In mai gona ya fara kame-kame, ka kama gabanka.

Mai ciki tana jan hankali, don riba kamar a hannu take. Amma doguwar tafiya a mota cikin zafi na iya sa ta ɓari, kuma da wuya mutum ya rabu da uwar da ke cika masa aljihu sai da dalili. Ka san ranar da aka yi mata barbara, da wane namiji, da haihuwa ta nawa za ta yi. Daga ta 3 zuwa ta 5 ne uwa ke kan ganiyarta. Bayan ta 6 matattun 'ya'ya sukan ƙaru, ita ma ta yi nauyi tana danne su.

Ware ta gida ya fi sauƙi, ba ka kuma jawo cuta daga waje. Sharaɗin kawai kada ubanta ko ɗan'uwanta ya hau ta, sai ka canza namiji.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sayen uwa a kasuwa, inda aladu daga ko'ina suka cakuɗu. Zazzaɓin aladu na Afirka ba shi da magani, yana iya share garke cikin 'yan kwanaki. Ko daga gonar da ka yarda da ita ka sayo, killace baƙuwar kwana 30 a ɗaki na daban, da kwanon cinta da takalmin da kake shiga wurinta daban, likitan dabbobi ya duba ta kafin ta haɗu da sauran.