Allurar rigakafin nan mai kare cuta biyar, da yadda ake yin ta a asibitin ƙauyenmu

Haihuwata huɗu, amma sai a kan autar nan na fara tambayar abin da ke cikin allurar da ake yi wa yara. Da can sai dai in miƙa cinyar jariri in kau da kai. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ne ya sa na buɗe baki, don muna nan wajen Ringim muna ji a rediyo, kowace uwa cikinta ya ɗuri ruwa.

Asibitin namu ɗaki uku ne da firji mai aiki da hasken rana, kuma ba a karɓar ko sisi. Malamar da ke allurar tana da haƙuri, in dai ka tambaye ta. Ita ta ce min wadda suke kira Penta allura ɗaya ce amma cuta biyar take karewa: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙe-haƙora, ciwon hanta nau'in B, sai wata ƙwayar cuta mai kawo wa jarirai sanƙarau da ciwon huhu. Tun 2012 ake yin ta a Najeriya. Sau uku ce, a sati 6 da na 10 da na 14, tare da ɗigon shan-inna a baki. Ta ce, “Yaya, wadda ta zo sau ɗaya ta ɓace, ginin rijiya ta fara ta bari ba ta tarar da ruwa ba.”

To, ga inda raina ya ɓaci. Ba wanda ya faɗa min cewa zazzaɓi kan biyo baya. Daren farko yarinya ta kwana kuka, cinya ta ɗan tasa, surukata tana bakin ƙofa tana cewa, “Ai na faɗa miki.” Da safe na koma a rikice, sai a lokacin aka ce min an saba ganin haka, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Ya kuwa wuce. Amma da an faɗa tun farko, da ban sha gori ba, kuma na san mata biyu a layinmu da wannan daren ne ya hana su komawa.

Da yarinya ta cika wata 9 muka je allurar ƙyanda da ta shawara, aka ce yara ba su taru ba, ba za a fasa kwalba ba, don in an haɗa ta awa shida kawai take yi sai a zubar. Maigida ya biya kuɗin babur sau biyu. Benci ma ɗaya ne, sauranmu a gindin darbejiya muke shimfiɗa zani.

Duk da haka zan koma. Katin yana cikin leda a ƙasan akwatina, malama ta rubuta mana ranar ƙyanda ta biyu, in yarinya ta kai wata 15.