Wane littafi ya dace da yarinya mai mafarkin zama 'yar fashin teku?

'Yar ƙanwata mai shekara 8 ta ɗaure ido ɗaya da kallabi, ta ɗauki muciya ta ce takobi ne, ta shige baho tana ba ƙannenta umarnin tuƙi. Tun ranar na shiga nema mata littafi. Fashi a wurinmu ba kalmar wasa ba ce, don haka abin da na fara dubawa shi ne: me jarumar labarin take nema a teku, dukiyar mutane ko buɗe ido da jarumta?

Littattafai masu hotuna na 'yan shekara 4 zuwa 7 ba su da matsala: taswirar dukiya, aku a kafaɗa, shi ke nan. Sai dai suna da tsada saboda launi, kuma a dare ɗaya ake gama su.

Masu babi-babi na 'yan 8 zuwa 12 su suka fi kwanta mini. Fitaccen misali shi ne Pippi Longstocking na Astrid Lindgren, wanda ya fito a Suwidin a 1945. Pippi kan ce 'yar fashin teku za ta zama in ta girma, amma a aikace ƙarfinta kan ƙare ne wajen kare yaran da ake zalunta. Abu biyu ku sani kafin ku biya. Bakinta bai da linzami a gaban manya, don haka ku karanta tare da yarinyar, ku tattauna. Sannan tsofaffin bugu sun siffanta baƙaƙen fata mazauna tsibiri da kalaman raini, an gyara a sababbi. Ku duba shekarar bugu.

Sai na tarihi, waɗanda na fi so a bar wa 'yan 12 zuwa sama, domin a nan akwai jini. Anne Bonny da Mary Read, mata 'yan fashin teku, alal misali, hukuncin kisa aka yanke musu a Jamaika a 1720. In kun samu wanda ya kawo labarin Sayyida al-Hurra, wadda ta mulki Tetouan a Maroko daga 1515 zuwa 1542 tana iko da jiragen 'yan fashin teku, kada ku bar shi.

In na hannu za ku saya, ku ƙirga shafuka a gaban mai shagon. Na taɓa sayo wani na kai gida, yarinya ta kai babin ƙarshe ta tarar an yage shi.